Gurbin Mota Ɗaya

"Yau kwana goma sha ɗaya ban ji motarka ba," in ji Vernell Tubbs, bai ko buɗe ido ba.

Rudy Baranek, maƙwabcinsa na shekara arba'in, yana tsaye bakin gadon da kwanon miyar kabeji a hannu, ya rasa inda zai ajiye shi. An kwashe kujerun falon an kafa gadon asibiti dab da tagar da ke kallon titi, kamar yadda mai gidan ya ce yana so. Tukunyar iska na gefe tana huci, robarta a hancinsa.

"Kafireta ce," Rudy ya ce. "Tana wajen gyara."

"Wajen gyara? Kai da kake kwance kafireta a kan teburin cin abinci har marigayiya matarka ta kusa tattara kayanta? Wa ka ba?"

"Wani ne can hanyar Bay City. Ba ka san shi ba."

"Haba tsoho. Duk jihar Michigan babu mai taɓa kafireta da ban san shi ba."

Ƙarya Rudy ya shirga, kuma ƙaryar ma ba ta da kai. Motar ba ta wajen kowane gyara. Ya sayar da ita. Jar Vandal ƙirar 1970, mai silinda takwas, wadda in ya tayar da ita da safe sai cokulan gidan Vernell sun yi rawa a cikin aljihun tebur. Gwiwarsa ta hagu ce ta ci amanarsa. Kulocin waɗannan motoci ba na mai ciwon gwiwa ba ne, kuma ranar da ƙafar ta ƙi a tsakiyar mahaɗa, motar ta mutu, mutane suka yi ta danna masa ham, ya san an zo ƙarshe. Wani mutumin Indiana ya zo da tirela ya ɗauke ta a makon da Vernell yake kwance asibiti. To, da a nan ya tsaya da sauƙi. Sai Rudy, bawan Allah, ya je ya sayo sabuwar Vandal, mai batir, wadda ba kuloci ba giya. Yana shigowa da ita layi shiru kamar ɓarawo, ya tura ta gareji ya ja ƙofa.

Kuma a duk Saginaw babu wanda ya tsani irin sabuwar motar nan kamar Vernell. Shekara talatin da huɗu ya yi a masana'antar inji kafin a rufe ta, a tashar ƙarshe, inda ake tayar da kowane inji a saurare shi kafin ya fita. Da kunne ya ci abinci. Yanzu da ciwon suga ya cinye masa ido, da kunnen yake sanin wa ya fita a layin, wa ya dawo, wa ya kamata ya canza fulogi.

"Firiji ne mai taya," haka yake cewa duk Asabar a filin shagon kofi, inda dattawa goma sha biyu na ƙungiyarsu ta masu tsofaffin motoci suke jera motoci su buɗe bonet. "Sun ɗauki sunan da muka yi wa gumi sun liƙa wa injin wanki. Kuma abin takaicin, sun san da kunya, shi ya sa suka ɗaura lasifika a ƙarƙashi tana kwaikwayon gurnani. Lasifika fa, jama'a! Mu za a kunna wa rediyo?"

Rudy da bakinsa ya sha taya shi zagin.

Matar gidan, Odessa, ta karɓi kwanon ta wuce kicin. Vernell ya lalubo hannun rigar Rudy ya riƙe.

"Zauna. Nas ta ce saura mini mako biyu, ni na ce ɗaya. Ka san yadda muke yi."

Rudy ya sani. Idan ɗan ƙungiya ya mutu, motarsa ba ta fita ranar, ana barinta a gareji. Sauran su bi gawa a jere har maƙabarta, a can a taka totur gaba ɗaya na minti guda. Wanda ke jan jerin kuwa mamacin ne ke zaɓarsa tun yana da rai.

"Kai za ka ja gaba," in ji Vernell. "Na gaya wa Merle, shi ne shugaba, ya rubuta. Amma ina so in ji ta da kunnena tukuna. Ka karɓo ta daga wajen wannan gwanin naka. Ranar Laraba ka tayar mini da ita a nan bakin taga."

"Laraba," Rudy ya ce.

Ya buga wa mutumin Indiana waya. Ashe har ya sauke injin, ya kankare fentin, sai bazara za ta tashi. Ya yi tunanin aro wajen Merle, amma aro na nufin faɗa wa ƙungiya, kuma ƙarar motar Merle ko jaririn layin ya san ta. Yana zaune cikin sabuwar motar a gareji sai idonsa ya faɗa kan maɓallin da ke kunna lasifikar gurnanin. Mai sayarwa ya rantse masa cewa daga ainihin injin 1970 aka naɗi ƙarar. Rudy ya danna, ya taka. Kai, gurnanin ya cika garejin har gwangwanayen fenti suka amsa. Ya sake takawa. Ya ce a ransa, mutumin da ke kan maganin kashe ciwo, rabi a farke rabi a barci, ga bango a tsakani, ai zai wuce. Shi da ya yi shekara arba'in yana ganin Vernell na gano lalataccen bawul daga tsallaken titi, shi ne ya yarda da wannan shirmen, don tsoro ya riga ya toshe masa basira.

Laraba da la'asar ya fito da ita ya tsaya daidai tagar. Odessa ta ɗaga gilashi, ta ga motar, ta dube shi. Rudy ya ɗora yatsa a leɓe yana roƙonta da ido. Ya danna maɓallin ya taka sau uku. Karen gidan gaba ya hau haushi. Ya kashe, ya shiga gidan yana ɗingishi.

"Ka ji ta?"

"Na ji."

Vernell na kwance fuskarsa sama, hannuwansa kan bargo.

"Sau uku ka taka," ya ce a hankali, yana tsayawa ya ja iska. "Duk ukun iri ɗaya sak. Tsohuwar motarka tun shekarar tamanin da takwas take tari in tana da sanyi. Ni da kai mun ƙare ƙuruciyarmu muna neman dalilin, ba mu samu ba. Gilashin nan bai motsa ba. Gadon nan bai motsa ba. Odessa, kin ji warin fetur?"

Odessa ta sunkuyar da kai tana gyara bargon da ba abin da ya same shi.

"Gwiwata ce, Vernell. Ba na iya taka kuloci. Na rasa yadda zan gaya maka."

"Gwiwa." Ya yi wata dariya da ta koma tari, sai da Odessa ta tallafe shi. "Da ka shigo ka ce gwiwa, da tsiya zan yi maka ta kwana biyu, shi ke nan. Ni da ake sa wa kunzugu, wa zan yi wa dariya? Ko firijin ma da na haɗiye, don kai ne. Amma ido ya tafi, ƙafa ta tafi, huhu na tafiya. Kunnen nan kaɗai ya rage mini, shi ka zo ka raina."

"Don in faranta maka na yi, na rantse."

"Su ma haka suka ce. Kamfani ya ɗauke mu wawaye, na ce to, kamfani ne, bai san sunana ba. Kai fa?" Ya juya kansa wajen bango. "Odessa, rufe tagar."

Ran Alhamis Rudy ya ƙwanƙwasa, Odessa ta ce yana barci, alhali yana jiyo tarinsa a bayanta. Ran Jumma'a ma haka. Ya koma gida ransa na tafasa. Shekara arba'in, shi ya ɗauki akwatin gawar ɗan Vernell, Vernell ya kwana da shi a asibiti lokacin jinyar matarsa, duk a zubar a kan ƙarar mota? Ya zagi taurin kan tsohon, ya zagi kamfanin, ya zagi gwiwar, daga baya ya zauna kan matakala ya ji kunya ta rufe shi, don ya san wanda ya yi laifin. Ya ƙudura ran Asabar ko an hana shi sai ya shiga.

Asabar da safe yana ɗaura takalmi ya ga motar nas a ƙofar gidan, ga ta fasto a bayanta. Odessa ta fito baranda da rigar sanyin mijinta a kafaɗa. Ta dube shi ta tsallaken shinge, ta girgiza kai.

Ranar jana'iza, bayan an fito daga coci, ta kama hannunsa a bakin matakala.

"Kai za ka shiga motarmu ta iyali, Rudy. Ni na ce, ba shi ba."

"Wa ya ba gaba? Merle?"

"Bai ba kowa ba. Merle ya zo ran Jumma'a, ya tambaye shi har sau biyu. Ya ce ya riga ya zaɓa, ba zai sake ba. Ya ce a bar wurin."

"A bar wurin yaya?"

"Shiga dai, ana jiranmu."

Ya zauna a kujerar baya tsakanin ƙanwar Odessa da kwandon furanni. Motar gawa ta ɗaga, tasu ta bi. Can baya injina suka tashi ɗaya bayan ɗaya, har ya ji su a ƙashin bayansa. Ya daure bai waiwaya ba har suka wuce tsohuwar masana'antar. A danja ta farko ya kasa, ya juya.

Merle na can da shuɗiyar motarsa, sauran tara a bayansa fitilu a kunne. Tsakanin Merle da motar iyali akwai fili daidai tsawon mota ɗaya. Wata mata a ƙaramar mota ta sa sigina za ta kutsa ciki, Merle ya fito da hannu ta taga ya dakatar da ita, ta koma layinta. Danja ta ba da hannu. Suka ci gaba, suka sha kwanar gada, suka hau titin maƙabarta, filin bai ragu ba bai ƙaru ba.

Ƙanwar Odessa ta taɓa shi ta ce ya juyo kada wuyansa ya sage. Rudy bai ji ta ba. Haɓarsa na kan kujera, yana kallon kwaltar da ba kowa a kanta tana biye da su.