Kofin Shayin da Na Miƙa wa Abakar

Shekara ashirin da shida muna sa hannu a tire ɗaya ni da Abakar a kasuwar shanu. Shi dillali, ni dillali, rumfarmu ɗaya. Bayan ƙaramar salla ya yi jinyar sati uku, da ya dawo kuma sai ya zo da sabon hali.

Aka kawo burabusko da miyar kuka, ya ce ya ƙoshi. Aka zuba shayi, ya ture kofin. Sai ya zagaya bayan rumfa ya buɗe wata kula da matarsa Zaratu ta haɗo masa, ya riƙa ɗiba da ɗan ƙaramin cokali. Kowace loma sai ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji. In na yi masa magana, ko kallo ban ishe shi ba sai ya gama.

To ni ba yaro ba ne. Mutum ya tashi daga ciwo, ya daina cin abin hannunka, ya daina haɗa ido da kai, ai ruwa ba ya tsami banza. Na ce a raina wani ɗan tsibbu ne ya buga masa ƙasa, ya ce na kusa da shi ne ya ba shi sammu a abinci. Wa ya fi ni kusa? Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Ran Laraba haƙurina ya ƙare. A gaban dillalai na zuba shayi, na kurɓa, na miƙa masa.

"Abakar, in ba ka zargina da komai, sha."

"Ya Babakura, bar maganar nan sai anjima."

"Yanzu nake so."

Ya dubi kofin, ya dubi jama'a, ya yi bismilla. Kurɓa ta biyu ya ƙware. Tari ya sarƙe shi, shayin ya fito ta hanci, idanunsa suka yi jawur, da ƙyar numfashinsa ya dawo. Kwana biyu bayan haka zazzaɓi ya kwantar da shi a asibiti.

A barandar asibitin Zaratu ta warware mini. Ciwon nan ƙaramar shanyewar jiki ce, ta taɓa masa maƙogwaro. An yi masa hoto yana haɗiya, aka ga abu mai ruwa-ruwa yana kauce hanya ya gangara huhu. Shi ya sa likita ta ce komai sai da kauri, loma ƙanana, ya sauke haɓa in zai haɗiye, kada ya yi magana da abu a baki. Kullum da safe har motsa harshe yake yi yadda aka koya masa.

"Kunya yake ji, Alhaji," in ji ta. "Mutumin da ya tashi da ƙwaryar nono a rugar ubansa, yau a ce ruwa ya fi ƙarfinsa?"

Na shiga na same shi da robar iska a hanci.

"Ka san shayin zai shaƙe ka," na ce. "Me ya sa ka sha?"

Muryarsa a dushe ya amsa. "Ka sa baki a kofi, ka miƙo mini a gaban mutane. In na ƙi, da wane ido za su kalle ka?"

Wannan karon haɓata ce ta taɓa ƙirji.