Bargon da Tela Ya Farke

"Ɗaga ƙafarka! Tela, na ce ka ɗaga ƙafa, ko sai ka ƙone mini keke?"

Ya ɗaga. Keken ya yi shiru. Yaya, yayar matarsa, ta fizge ƙyallen daga ƙarƙashin allura, ta juya bayansa, ta kai masa har bakin hanci. Zare ya cure wuri ɗaya kamar sheƙar tsuntsu.

"Mene ne wannan?"

"Keken ne bai ja ba, Yaya."

"Bai ja ba! Da me zai ja? Ba a kan idonka na sauke masa haƙoran jan yadi ba? A wannan ɗinkin keke ba ya jan komai. Shi nasa ya soka allura, kai naka ka yi yawo da yadin. Ka zauna ka saki baki kana jira a ja maka, sai ka ce a shagonka kake."

Tela ya karɓi ƙyallen yana jujjuya shi. Tun yana yaro yake kan keke, kuma duk layinsu an san ɗinkinsa: miƙaƙƙe, santal, ko alli ba ya bukata. Yau ga shi a kan kujerar 'yan koyo a shagon Yaya, mace tana yi masa tsawa a gaban tagar da ke kallon titi.

Kuma shi ya kawo kansa. Matarsa, wadda kowa ke kira Auta, ta daɗe tana tsince ƙyallayen da ke zuba a ƙasan shagonsa. Ta haɗa su, ta shimfiɗa auduga a tsakiya, ta sa yadi a baya, ta shiga ɗinke su da irin ɗinkin da Yaya ta koya mata, wanda zare ke lanƙwasa yana zagaye kamar hanyar ruwa a kan yashi. Bargon gadonsu take yi. Wata rana ta fita unguwa, shi kuwa ya ɗaga bargon ya ga babu layi ɗaya da ya miƙe. Tausayinta ya kama shi. Ya ɗauki reza ya farke ɗinkin kaf, ya mayar da layuka miƙaƙƙu, ya ninke, ya zauna yana jiran godiya. Da ta dawo ya tarye ta da murmushi: "Na gyara miki." Auta ba ta yi kuka ba. Ta shafa bargon sau ɗaya, ta ɗauki jakarta, ta taho nan gidan Yaya. Yanzu har an aika wa Kawu, babban dangin Auta, ya zo a zauna kan aurensu, kuma Tela ya san in Kawu ya zauna a kan magana, ba ta sake tashi.

Shi ya sa ya cire layukan nasa, ya ƙunso bargon a leda ya zo. Ramukan allurar Auta suna nan a jikin yadin. Dabararsa ita ce ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya mayar mata da abinta yadda yake.

"Sauke kafaɗunka," in ji Yaya, ta tura masa wani ƙyallen. "Ka ɗage su kamar wanda ruwa ya daka. Tafin hannu biyu a shimfiɗe, ɗaya nan, ɗaya nan, allura a tsakiya. Jawo zaren ƙasa sama kafin ka fara, in ba so kake ka sake yi mini sheƙa ba."

Ya taka. Keken ya ruga, hannunsa bai bi ba, ɗinkin ya fito mitsi-mitsi. Ya sassauta ƙafa ya hanzarta hannu, sai zaren ya riƙa tsalle, taki dogo-dogo.

"Ƙafarka na gabas, hannunka na yamma. Su ma ba sa shiri, ashe ba ƙanwata kaɗai ba ce."

"Yaya, don Allah."

"Kada ka haɗa ni da Allah. Daina kallon allura! Allura ta san inda take. Kalli inda za ka. In za ka tsaya, ka tsaya tana cikin yadi."

A ƙarshen shagon akwai labule, bayansa kuma ƙofar cikin gida. A gindin labulen ga takalman Auta, masu igiyar da shi da kansa ya ɗinke mata lokacin da ta tsinke. Tun shigowarsa yake hana idonsa zuwa wurin, idon kuma yana ƙi. Ƙamshin man gashinta ma yana nan a ɗakin, ko kuwa hancinsa ne ke yi masa ƙarya.

Ya sake takawa. A wannan karon wani abu ya ɗan daidaita. Ƙyallen ya zame a ƙarƙashin tafinsa, zaren ya yi lanƙwasa ɗaya, ya yi ta biyu, ƙirjinsa ya buɗe kamar an cire masa dutse. A ta uku hannunsa ya ƙage, lanƙwasar ta karye ta yi tsini. Kafin ya san abin da yake yi, ya tsayar da keken, yatsunsa sun shiga aljihu sun fito da reza.

Yaya ta doke bayan hannun. Rezar ta faɗi ƙasa.

"Ka gan ka? Ka ga halin naka? Ɗan tsini ɗaya, har ka zaro wuƙa. A nan ba a farkewa, Malam. Ka yi kuskure, ka wuce, ka zagayo ka rufe shi da wata lanƙwasar. In an wanke bargo, auduga ta kumbura, babu mai gani. Amma kai ina! Duk abin da bai miƙe ba sai ka yanka."

"Taimakonta na yi niyya."

"Ta roƙe ka?"

Ya kau da kai. Sai zafin ya juye masa ya zama taurin kai. Ya janyo ledar, ya fito da bargon, ya ture ƙyallen gefe.

"Na gane yadda ake yi. Ki bar ni in fara."

Yaya ta yi dariyar da ba ta kai ido ba. Ta ja da baya ta harɗe hannuwa. "Bismillah. Yadin nan an soke shi sau biyu, an farke shi sau biyu. Ka ƙara masa na uku da wannan hannun naka, ya yage. Ni ma hutu na samu, in Kawu ya zo sai in shimfiɗa masa tsumman, ba sai na yi dogon bayani ba."

Tela ya cusa tsakiyar bargon ƙarƙashin allura, don daga tsakiya ake fara irin wannan ɗinkin. Hasken taga ya kwanta a kan yadin, ramukan suka fito sarai. Ya sunkuya yana neman bakin hanyar.

Nan a tsakiya, inda Auta ta fara, ramukan sun cunkushe wuri ɗaya. Gaba kaɗan sun yi tsalle dogo-dogo. Ga lanƙwasar da ta karye ta yi tsini, irin tasa sak, ga kuma wata ta zagayo ta rufe ta. Ya bi su da yatsa zuwa gefe. Sannu a hankali tsinin ya ɓace, ramukan suka jeru daidai, hanyar ta riƙa juyawa cikin natsuwa, har a bakin bargon ta zama ganye, ganye bayan ganye, a ɓangaren da shi yake kwanciya. A kan wannan keken ta sha tsawar Yaya, ta ƙi farkewa, har ta iya. Shi kuma ya share duka a yini ɗaya yana fito.

Ya ɗauke yatsansa daga kan ramukan. Ko da zai bi ramukan nan ba kuskure, hannunsa ne zai sake hawa kan aikinta.

"To?" in ji Yaya. "Taka mana, gwani. Ina da masu jira."

Labulen ya ɗan motsa. Babu iska a ɗakin.

Ya janye ƙafarsa daga kan feda. Ya ɗaga allura, ya zare bargon a hankali, ya ninke shi, ya ajiye kusa da takalman. Ya tsinci rezar ya miƙa wa Yaya. Ta karɓa da yatsa biyu tana yatsine fuska.

"Kada ka ɗauka wannan zai sa in tausaya maka."

"Ban ɗauka ba." Ya koma kan kujerar, ya janyo ƙyallensa mai tsini, ya ɗaga murya yadda za ta ratsa labule. "Bargon na Auta ne, allurata ba za ta ƙara shigarsa ba. In ta so ta ɗinke, in ta so ta ƙone. Ni kuwa a kan ƙyallen nan zan zauna kullum da safe, Yaya, ki zage ni son ranki, kuma in Kawu ya zo, a nan zai same ni."