Motar da Ta Daina Ɗiga

Duk unguwar ba wanda bai san Hamadu Sofer, wato direba, da bokitinsa ba. Tun garin Garwa bai fara tafasa da zafin rana ba yake yaye tamfol daga kan farar fijon marigayi Alhaji Muntaka, ya wanke ta fes, ya goge, ya mai da tamfol ɗin. Motar kuwa tun da ƙasa ta rufe idon mai ita ba ta leƙa titi ba. An yi takaba, an karya darajar kuɗin sefa, kayan gyara sun yi tashin gwauron zabi, 'ya'yan gidan sun watse neman abinci, ita dai tana gareji tana shan wanka kamar amarya. Mahautan da ke wucewa mayanka kan tsokane shi, "Sofer, yau ina muka nufa, Marwa ko Makka?" Sai ya yi musu kunnen uwar shegu.

Ba son wahala ya sa yake yi ba. Hamadu ba shi da kowa a Garwa. Daga Mora Alhaji ya ɗauko shi yana saurayi, matarsa ta rasu ba ta bar baya ba, danginsa na can kuwa an daɗe da manta juna. Abin da ya rage masa a duniya shi ne ɗan ɗakin da ke jikin garejin, da kwanon tuwon da Hajiya Aisatu, matar marigayi, ke aiko masa. Ya sani sarai duka biyun a jikin motar nan suke rataye. Muddin akwai mota a gidan, dole a bar direba.

Ana cikin haka Ilyasu, babban ɗan Alhaji, ya dawo daga Duwala da kasuwancinsa a karye. Ba mugu ba ne, gajiyayye ne kawai, irin mutumin da duk abin da ya kalla sai ya tambayi kansa ko zai ciyar da shi. Ya tsaya bakin gareji ya ce, "Baba Hamadu, ba zan ɓoye maka ba. Gobe Gaston makanike zai zo ya duba ta. In tana da sauran rai, mu sa ta hanyar Marwa ɗaukar fasinja, kai ne a sitiyari. In babu, 'yan gwangwan za su ɗauke ta, garejin da ɗakin nan in haɗe su in buɗe shago."

"Alhaji ƙarami," in ji Hamadu, "ko a gidan gwamna ba motar da ta samu kulawar wannan. Bar shi ya zo."

Washegari ya yi mata wankan da bai taɓa yi ba. Shi a wurinsa wanki ba aiki ba ne, kowane ragon banza zai iya watsa ruwa da omo. Aikin yana wurin busarwa. Ya bi rufin da tsumman farin yadi, ya matse, ya sake bi. Ya naɗe tsumman a kan tsinke ya cusa bayan madubi, ya busa hannun ƙofa da bakinsa har kumatunsa suka yi ciwo, ya bi robar gilashi da zafin Garwa ya tsattsage yana tsotse ruwan da ya laɓe a ciki. Ruwa munafuki ne, haka yake cewa, sai ka juya baya yake fitowa.

Wannan munafuncin ne ya taɓa hana shi sakat a shekarar Alhaji ta ƙarshe. Sai ya gama gogewa tas, Alhaji ya fito da babbar riga, sannan ruwa ya fara ɗiga ta wasu 'yan ramuka a ƙasan ƙofofi da kuma ƙarfen da ke ƙarƙashinsu, ya zana layi a fenti, har wata rana ya ɓata wa Alhaji bakin wando. Hamadu ya kwanta a ƙasa ya nemo ramukan nan ɗaya bayan ɗaya, ya narkar da kwalta a gwangwanin tumatir ya liƙe su ruf. Daga ranar motar ta daina ɗiga. Alhaji da kansa ya yaba masa a gaban baƙi, kuma Hamadu bai taɓa jin daɗin wata magana kamar wannan ba. Daga baya ƙofofin sun riƙa yi masa nauyi, amma ya ɗauka hannunsa ne ya tsufa. Fentin ƙasa ya fitar da 'yan ƙuraje, ya riƙa shafa musu mai.

Gaston ya iso da hantsi a kan babur, mutumin Kaele ne, Hausarsa gauraye da Fulatanci da Faransanci. "Jam na, Papa?" ya gai da Hamadu, ya kewaya motar yana kaɗa kai. "Kai, propre! Kamar jiya ta fito." Hamadu ya saci kallon Ilyasu, zuciyarsa fari ƙal.

An sa sabon batir, an zuba mai, aka yi ta fama har injin ya yi tari ya kama. Daga cikin gida aka jiyo Hajiya tana hamdala. Sai Gaston ya ce bari ya duba ƙasa. Ya kafa jak a gefe ya fara ɗagawa. Motar ta ɗan tashi, sannan aka ji ƙurus, kan jak ɗin ya shige cikin ƙarfen kamar cikin dafaffiyar kabewa. Jan ruwa mai wari ya kwararo a kan siminti, da ɓarɓashin tsatsa a cikinsa.

Gaston ya buɗe ƙofar baya ya jijjiga ta, kowa ya ji ruwa na ƙulƙul a ciki. Ya kwanta ya laluba ƙasanta, ya ƙwaƙulo dunƙulen kwalta da sukundireba, ita ma ta fara zuba. Ya zagaya ɗaya gefen, duk inda ya danna da yatsa sai ya lotsa.

"Wa ya toshe nan?"

"Ni ne," in ji Hamadu. "Ɗiga take yi."

"Papa, ai don ta ɗiga aka yi su. Ruwan da ya bi ta gilashi, ta nan yake fita." Gaston ya faɗa a hankali, ba da izgili ba, hakan ma ya fi zafi. Ya juya ga Ilyasu. "Patron, in ƙofa ce kaɗai, sai mu canja. Amma abin da ke riƙe da motar ne ya ruɓe. Walaa, babu gyara. Ka loda mata mutane, kafin a kai garin Figil za ta rabe biyu."

Hamadu ya tsaya da tsumma a hannu. Da wani ne ya cuce shi, da ya samu wanda zai zaga. Duk asubar da ya tashi da bokiti yana ganin yana tsare ɗakinsa, ashe cika mata ciki yake yi. Baƙin ciki ya kama shi, kuma kunya ta fi baƙin cikin yawa. Sai kawai ya durƙusa ya fara goge jan ruwan da ke bin fentin, yana gogewa wani na fitowa, har Ilyasu ya ce, "Bari, Baba. Ya isa."

Hajiya ta leƙo daga bayan labule ta kira ɗanta, suka yi ƙus-ƙus. Hamadu ya ji tana cewa amanar babanka ce, ya kuma ji Ilyasu na cewa, "Hajiya, mu kanmu da me za mu ci?" Daga nan bai sake jin muryarta ba.

Bayan azahar 'yan gwangwan suka zo da tsohuwar akori-kura da igiya. Dole a samu mai riƙe sitiyari, Hamadu ya ce shi zai riƙe. Haka aka ja shi ta tsakiyar gari, ta gaban kasuwa, a hankali, ruwa na ɗiga a kwalta a bayansu. Ya riƙa sa sigina a kowace kwana, ko da yake ba shi ke zaɓar hanya ba. Da suka isa filin 'yan gwangwan, bai gama fitowa ba wani ya kafa sifana a ƙofar.

Da ƙafa ya dawo, cikin ranar nan mai ƙona ƙeya. Ya tarar magini har ya fara auna bango. An fito da tabarmarsa da akwatinsa an jingine su a zaure, a tsare, ba a jefar ba. Ilyasu bai iya haɗa ido da shi ba, ya ce zai iya kwana nan kafin ya samu wuri, in kuma Mora yake so, za a sa shi a mota. Hamadu ya ce to. Ya zauna a kan akwatin yana ta laluben sunan mutum ɗaya a Mora da zai gane shi in ya yi sallama, bai samu ba.