Lego a Hannun Magini

Rahama ta zube mini lego a kan tabarma.

'Yata ce. Ita ke jinyata tun da ɓarin jikina na dama ya shanye. Ta ce likita ne ya ce in riƙa haɗa su, ko yatsuna za su farka. Na tambaye ta mene ne lego. Ta ce 'yan tubalan roba ne na wasan yara, kowanne da haƙora a sama da ramuka a ƙasa, ana danna wani a kan wani su kama juna. Asalin sunan na wani kamfanin Turawa ne, amma yanzu ko na tallan kasuwar Mai'aduwa lego ake ce musu. Na ce abin da ba a kwaɓa wa ƙasa ba, ba tubali ba ne. Ta ce in kira shi yadda na ga dama, in dai zan haɗa.

Ni ne Ya'u magini. Daga ƙofar gidana zuwa Kusugu, ba lungun da babu ginina. Soron da nake kwance a ciki ni na ɗora tubalinsa, ni na jera azararsa. A cikinsa uwar su Rahama ta rasu. Bara bangon gabas ya tsage. Ɗana Jafaru ya ce ba zai bari damina ta same ni a ciki ba. Ya riga ya yi magana da masu bulo, za su rushe shi su yi na siminti. Na ce ni zan gyara abina. Ya dubi hannuna, ya dubi legon. Ya ce in na haɗa katanga kamar tafin hannu da hannun nan kafin Juma'a, zai sallami mutanen.

Yaran unguwa suka ji labari. In sun zo wucewa sai su ce Baba Ya'u na lego. Na sa aka saki asabari.

Na yi ta fama. Yatsun suna ɗauka, ba sa dannawa. Ja ya zame, shuɗi ya shige ƙarƙashin gado. Na danna da gindin tafi, ya yi tsalle. Har haɓata na sa. Da na gwada da hagu, nan take suka kama. Rahama ta ɓalle su, ta mayar mini da su ta dama.

Ranar Alhamis na ji tifa ta juye yashi a ƙofar gida. Hadari kuma ya fara haɗuwa.

Ban taɓa roƙon abin da na haifa ba. Safiyar Juma'a na roƙa.

Na ce, "Rahama, haɗa mini. Ki ce ni na yi."

Ta sunkuyar da kai. Na ce lokaci kawai nake nema. Zan sa a kwaɓa ƙasa, in zauna a kujera in nuna da baki.

Ta ce, "Baba, jiya ƙasa ta zubo a kwanon tuwonka. Ni na kwashe."

"Ba zai faɗi bana ba. Na san ginina."

Sallamar Jafaru ta tashi a zaure, da muryoyin wasu maza a bayansa. Na tura mata legon da hagu har suka taɓa gwiwarta. Na kira ta da sunan da uwarta ke kiran ta, Auta.

Ta mayar da hannuwanta cikin hijabi.

"Ba zan haɗa ba, Baba."