Babban Yatsan Ɗan Azumi

"Ajiye shi," na ce wa Yazid. "Mai shi bai mutu ba tukuna."

Ya jingine zanen a bango yana murmushi. Yazid haifaffen Abidjan ne, yana da shagon sayar da zane-zane a Treichville. Tun da maƙwabcina Ɗan Azumi ya kwanta ciwo Yazid ya fara zarya unguwarmu Bromakoté da lemu a leda, mutumin da a da ko gaisuwa ba ta haɗa mu. Ni tela ne, idona ya saba da duba gefen abu. Na lura duk zanen da ya ɗauka, kusurwar ƙasa yake fara leƙawa.

Babu suna a wurin. Unguwa ta san Ɗan Azumi da rubuta allon shaguna. Fuskokin 'yan dako da matan kasuwar Adjamé kuwa a ɗaka yake zana su, bai sa hannu a ko ɗaya ba, don kunyar limaminmu, Malam Lurwanu.

"Tonton Bilal, hoto kawai zan ɗauka in maido," in ji Yazid. "C'est normal, haka ake yi."

"Sunan wa za ka sa a ƙasa?"

Sai ya shiga latsa wayarsa.

Da ya fita na zauna bakin katifa. "Ɗan Azumi, yaron nan zai sayar da aikinka da sunan wani. Sa hannu."

"Hannun ya tafi, Bilal." Ya gwada riƙe burushi, ya suɓuce. Can ya ce, "Buɗe shuɗin fentin can."

Na riƙa kawo zane-zanen ɗaya bayan ɗaya, ina tsoma babban yatsansa a fentin, yana dangwalawa a kusurwar ƙasa. Ina hawaye, shi kuwa yana yi mini faɗa wai na karkata zane. Da Yazid ya dawo ya leƙa kusurwoyin, sai ya tuna yana da rendez-vous, wai ana jiransa a wani wuri. Ɗan Azumi bai kai Juma'a ba.

Malam Lurwanu ne ya yi masa wanka a ɗakin, fuskokin nan jere a bango. Ni nake zuba ruwa. Ya kai kan yatsan, ya cuɗa, ya sake cuɗawa, shuɗin ya fita sai ɗan layi a ƙarƙashin farce. Ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallon zanen wata tsohuwa mai tallar kifi. Sannan ya miƙar da hannun a hankali, ya ja mayafi ya rufe shi.