Wutar Inji da Sifanar Kawu Ummaru

Tun da na fara safarar atamfa da turare tsakanin Jibiya da Maraɗi ban taɓa sayen wani abu sabo fil ba sai wannan motar. 'Yar bas ce fara, na sayo ta a wani kamfanin dillancin motoci a Katsina, da garantinta. Ma'ana duk abin da ya lalace a inji kafin wa'adi ya cika, su za su gyara, ba ruwan aljihuna. Ni kuwa Ma'u, in aka yi mini alkawari ba na mantawa da shi, ko da wanda ya yi alkawarin ya manta.

Motar ta yi mini biyayya har wa'adin ya zo gab da ƙarewa, sannan ta tsiro da wani hali. In na taso daga Maraɗi da rana tsaka, an danne ta da kaya, da na wuce Ɗan Isa sai ta fara shaƙewa. In taka totur ta yi kamar ba da ita nake ba, can kuma ta zabura. Daga nan sai wata 'yar wuta mai ruwan lemo, mai siffar inji, ta kama a gabana, ta zuba mini ido har gida. Washegari da safe in na tayar da ita, wuta ta mutu, inji na ta kiɗansa lafiya lau.

Sau biyu ina kai ta kamfani a haka. Mai duba motoci a can wani saurayi ne mai suna Shafi'u, mai fara'a, wanda bai san gaggawa ba. Zai jona wata 'yar kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari, ya ƙura mata ido, ya girgiza kai.

"Hajiya, babu komai a ciki."

"Kamar yaya babu komai? Ni da idona na ga wutar jiya!"

"Na yarda da ke. Amma bari in yi miki bayani. Duk lokacin da wutar nan ta kama, ƙwaƙwalwar motar tana aje wata lamba, wadda ke faɗin abin da ya same ta. Ita muke kira lambar matsala. In na karanta ta, sai in haɗa ta da tamu lambar ta gyaran garanti, in tura wa waɗanda suka ƙera motar. Su ba sa biyan labari, lamba suke biya. In ba ta, ko kusa ɗaya ba zan iya kwance miki a kan garanti ba."

Na dawo gida ina huci. Maigidana Malam Dalhatu, wanda tun farko ya ce in sayi ta hannu kamar kowa, ya samu abin yi. Da ya ga na shigo sai ya gyara zama ya ce, "Maman Ilham, yaya mai jiki? An ga aljanin wutar kuwa, ko ke kaɗai yake fitowa?" Har 'yar tamu Ilham ta ɗauka, in na yi shiru sai ta ce Umma na tunanin wutarta. Ina dariya tare da su, amma a raina abin ya dame ni. Garantin zai ƙare ranar Juma'a, daga nan kuma ko injin ya tarwatse, ni da shi.

Ranar Litinin na koma karo na uku. A wannan karon Shafi'u bai girgiza kai ba, sai ya tsaya yana ta latse-latse.

"Hajiya, akwai abin da ban lura da shi ba a baya. Kwamfutar nan tana nuna nisan da mota ta yi tun ranar da aka goge mata ƙwaƙwalwa. Kin san nisan da ta nuna? Daga Jibiya zuwa nan, ba ƙari."

"Wa zai goge ta? Ba makaniken da na bari ya taɓa ta."

Ya leƙa cikin motar, ya nuna agogon da ke jikin rediyo. "Agogon nan yana riƙe lokaci?"

"Ina fa! Kullum da safe sai na saita shi. Dama ina so in gaya maka shi ma ku canza mini."

Shafi'u ya yi dariya har da riƙe ƙofar mota. "Agogo lafiyarsa ƙalau. Wani ne ke cire miki kan batir. A irin wannan motar, da an yanke mata wuta, lambar ta tafi, agogo ya koma farko. Ki bincika gida, Hajiya."

Ban ma kai shataletalen fita gari ba na san ko wane ne. Mutum ɗaya ke karɓar makullin motar nan a hannuna kowace yamma: Kawu Ummaru, ƙanen mahaifiyata. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Babanmu, shi ya koya mini tuƙi a filin ƙwallon bayan gari, lokacin da mutane ke cewa mace da sitiyari sai a birni. Tsohon direban tirela ne, ya san hanyar Agadas kamar tsakar gidansa. Da idonsa ya fara rauni ya ajiye aiki ya dawo wurinmu. Ƙofar gidanmu ƙunci gare ta, don haka shi ke shigar da motar da yamma, shi ke fito da ita da safe ya goge ta. Wannan ne kaɗai tuƙin da ya rage masa a duniya, kuma yana yin sa da babbar riga.

Da magariba ta kawo jiki na miƙa masa makulli kamar kullum, na shige ɗaki, na tsaya a bakin taga. Ya shigo da motar a hankali, ya kashe. Ya buɗe bonet. Ya zura hannu a aljihun gaba ya fito da wata 'yar sifana da ta sha hannu har tana ƙyalli, ya kwance kan batir, ya naɗe shi da tsumma kamar mai ɗaure wa yaro rauni, ya rufe bonet, ya shafa shi. Na zo da faɗa cike da bakina, amma wannan shafar ta kashe mini jiki.

Na fita na durƙusa kusa da shi. "Kawu, mi kake yi mata haka?"

"Hutawa take, ɗiyata. Lokacin da anka ruhe boda, wata da watanni muna jibge a Magama. Duk wanda bai cire kan batir ba, ranar da anka buɗe sai da anka tura shi. Ni kuwa bugu ɗaya ta tashi. Tun daga ranar ban sake barin mota ta kwana da wuta ba."

Na yi masa bayanin Shafi'u, dalla-dalla, ina zaɓen kalmomi. Ya saurara har na gama. Sai ya zauna a kan turmi, ya cire hula ya riƙe ta a gwiwa.

"Ashe ni ke kashe miki shaida," ya ce a hankali. "Suna yi miki dariya, ni ma ina taya su."

Wallahi sai da na ji ƙwalla. Na ce, "Kawu, ba ɓarna ka yi niyya ba. Yanzu dai aiki ya same mu. Ranar Laraba zan tahi Maraɗi, ina son direban da ya san yadda ake wahal da mota har ta yi magana."

Ya mayar da hularsa. "In don wanga ne, kin samu."

Ban taɓa yin tafiya irin ta Larabar nan ba. Kowane mai mota yana fita yana roƙon Allah ya kai shi lafiya, mu kuwa mun ƙara da roƙon wuta ta kama. A Maraɗi Kawu ya hana mu tasowa sai da rana ta take. Ya sa aka ƙara mana buhunan dabino na wata maƙwabciyata, wai a taimaka mata, alhali nauyi yake nema. Ya sa na kunna na'urar sanyi har ƙarshe, ga shi yana rawar ɗari cikin babbar riga, ya ƙi yarda a rage. Ita kuwa motar, kamar ta ji abin da muke ƙullawa, ta riƙa gudu sumul. Muka wuce Ɗan Isa shiru. Muka gama da 'yan duwan, wato kwastan na ɓangaren Nijar, aka buga mana takarda, shiru.

"Kunya take ji," in ji Kawu. "Ta ga baƙo a gaba."

Sai da muka shiga layin 'yan kwastan a Magama, muna matsawa kaɗan-kaɗan a bayan wata tirelar albasa, zafi na tashi daga kwalta, sannan na ji ta shaƙe. Ta sake shaƙewa. Wutar ta kama.

Na rangaɗa guɗa ban san na yi ba. Kawu ya buga tafi yana cewa, "Alhamdu lillahi! Ga ta! Ga ta nan!" Jami'in da ke duba takardunmu ya ja da baya, ya leƙo ta taga yana neman abin da ya faru. Da ya ga wutar sai ya yi murmushin tausayi.

"Hajiya, kar ki damu, wannan ba komai ba ne. Ga makanike can gindin bishiya, yanzu zai cire miki kan batir ya mayar, ta mutu."

Kawu ya miƙe har hularsa ta bugi rufin mota. "Kul! Ranka ya daɗe, duk wanda ya taɓa batirin wagga mota, ni da shi! Daga Maraɗi munka yi kiwon wutar nan!"

Jami'in ya kalle shi, ya kalle ni, ya miƙo mana takardunmu ya ce Allah ya sawwaƙe. Na tabbata har yau yana ba da labarinmu.

Lokacin da muka sauke kaya, kamfani ya riga ya tashi, dole motar ta kwana a gida. Na miƙa wa Kawu makulli kamar yadda aka saba. Ya shigar da ita, ya kashe, ya fito. Na ga hannunsa ya tafi aljihun gaba da kansa. Ya tsaya. Ya zagaya motar, ya dawo gaban bonet, ya sake tsayawa. Daga nan ya nufo ni, ya zaro sifanar ya haɗa da makulli ya ɗora mini a tafin hannu.

"Aje mini wagga wurinki har gobe. Ban yarda da hannuna ba."

Da safe na riga kowa fita. Na murɗa makulli. Agogo ya nuna lokaci daidai da na wayata, karon farko tun da na sayi motar. Wutar nan mai ruwan lemo tana nan daram, ban taɓa ganin abu mai kyau kamarta ba.

Kawu ya raka ni Katsina. A kowane shinge in aka tsayar da mu sai ya ce kar in kashe inji, duk da na gaya masa Shafi'u ya ce kashewa ba ta goge komai. A kamfani Shafi'u ya jona kwamfutarsa, mu biyu muka rufu a kansa.

"Ga ta nan," ya ce. "P0087. Wannan tana nufin mai ba ya isa inji da ƙarfin da ya kamata. Zan gwada famfon mai, amma daga yadda kika ce sai ya yi zafi yake yi, shi nake zargi." Ya shiga ciki da motar, bayan ɗan lokaci ya fito yana goge hannu. "Shi ne. Yana cikin garanti. Na haɗa lambar da ta gyara na tura, an karɓa. Ko da kayan sun iso bayan Juma'a, ranar yau za a duba."

Kawu ya matsa kusa da kwamfutar yana ƙanƙance ido. "Yaro, kana nuhin duk daren jiya tana riƙe da maganar nan cikinta?"

"Tana riƙe da ita, Baba."

"Ikon Allah. Mu namu motocin, mu ke riƙe masu magana." Ya juyo wurin Shafi'u. "To in ta kwana da wuta, batirin ba ya mutuwa?"

"Motar da ke fita kullum? Ko kusa. Sai in za ta yi watanni a aje."

A hanyar dawowa na mayar masa da sifanarsa. Ya juya ta a hannu, ya jefa aljihu. Da yamma ya shigar da motar, bai buɗe bonet ba. Ya dai shafa shi, na ji yana cewa, "Kwana da wutarki." Malam Dalhatu kuwa da ya ji an karɓi gyara, sai ya ce dama shi tun farko ya san akwai wata a ƙasa.

Washegari Juma'a ina cikin dama koko na ji Malam Dalhatu a tsakar gida yana fama da babur ɗinsa. Ya latsa, shiru. Ya sake latsawa, ko tari bai yi ba. Ya buɗe murfin gefe, ya ga kan batir naɗe da tsumma, tsaf-tsaf.

"Kawu! Wa ya taɓa mini babur?"

Kawu Ummaru na zaune a kan tabarma da carbinsa, ko ɗaga kai bai yi ba.

"Hutawa yake," ya ce. "Wanga ai ba shi da garanti."