Hoton Ƙarfe Ɗaya

A daminar 1984 ofishin ruwa ya turo wani ma'aikaci, Oluwole, haifaffen Funtuwa, ya kafa akwatin ƙarfe a kan sanda a bakin madatsar ruwa da ke kusa da Ƙarfi. Cikin akwatin akwai kyamara mai ɗaukar hoto da kanta duk awa. Akwai kuma waya da ta nutse cikin ruwa, tana motsa allura mai zana layi a takarda. In ruwan ya gurɓata, layin sai ya yi tsalle.

Wata Talata kifaye suka taso matattu. Kafin la'asar, shanu tara na wani makiyayi mai suna Manu sun faɗi suna kumfa.

Oluwole ya duba takardar: layin ya yi tsalle da ƙarfe sha biyun rana. Ya kai fim Funtuwa aka wanke. Hoton sha biyu ya nuna leburorin Alhaji Maitama, babban manomin auduga, suna ɗauraye gangunan maganin feshi a cikin ruwan, motarsa tsaye a gefe. Hoton ƙarfe ɗaya ya nuna Manu tsugune yana cika gora, shanunsa na sha.

Oluwole ya kai wa shugaban ofis duka biyun. Shugaban ya karɓi fim ɗin, ya soka hoton farko a aljihu.

"Kai da iyayenka baƙi ne a nan," ya ce. "Shagon babarka a filin wa yake?"

Oluwole ya san amsar. A filin Alhaji yake.

Aka kama Manu, wai ya zuba maganin kaska a ruwa. Mutanen gari suka tare shi a hanya, suka fasa masa baki da sanda. A kotu aka ɗaga hoton ƙarfe ɗaya, kowa ya ga gorar.

Manu ya juya ga Oluwole. "Malam, ruwan sha nake ɗiba. Ni zan kashe shanuna? Akwatin naka bai ga kowa ba sai ni?"

"Kai kaɗai ya gani," in ji Oluwole, idonsa a ƙasa.

Aka yanke wa Manu wata tara. Ya fito a farkon damina ta gaba, ya rame, haƙora biyu babu. Ya tarar an nome inda rugarsu take. Wata mai tallar nono ta ce masa an kori iyalinsa tun satin farko, ta ga sun bi hanyar Bakori da 'yan maruƙa uku. Ya tambaye ta ko ƙaramar 'yarsa, wadda ta kwanta ciwo bayan ta sha ruwan, ta tashi. Matar ta gyara gammonta, ta ce rana na yi, za ta wuce kasuwa.